Hujin da ke Jikin Taswira

A ajin da nake koyarwa a Mora
akwai taswirar da ta girme ni,
ƙusa uku ke riƙe da ita, ta huɗun ta faɗi tuntuni.
Yaƙin Duniya na Farko, in ji rubutun goshinta.
Jamus ruwan toka, Faransa shuɗi,
Ingila ja wur kamar an ɓarar da manja.

Na ɗauki sanda na kai su Turai.
Ga garin da bindiga ta fara tari,
ga kibiyoyi sun ɓarke kamar tururuwa an taka raminsu,
wannan ta nausa gabas, waccan ta karye a bakin kogi.
Yara suna kwafa, suna jan layi da rula,
mutum dubu ɗari a tsawon farce ɗaya.

Sai Dudu 'yar Barau mahauci ta ɗaga hannu:
Malam, to mu muna ina?

Na gangaro da sandar,
na tsallake teku ban jiƙe ba,
na ratsa hamada ban nemi ruwa ba,
na same mu daidai inda takarda ta ninke,
inda gara ta ci rabonta ta wuce.
Garinmu huji ne.
Ta cikinsa bangon aji kake gani.

Aka yi dariya. Ni ma na yi.
Sannan na tura taga, na ce ku duba.
Dutsen yana nan inda yake kullum,
awaki a gindinsa, zafi na rawa a kansa.
Can Jamusawa suka hau suka ƙi saukowa
har damina ta zo ta tafi, ta sake zuwa ta tafi,
abokan gabarsu a ƙasa suna jira.

Kakan babana, Jatau mai jaki,
gishiri ya zo sayarwa aka tare shi a hanya.
Bai san sunan sarkin da ake wa yaƙin ba.
Ya ce ya ga Bature ya shimfiɗa takarda kan fa,
ya danne gefenta da duwatsu,
ya aza yatsa ya ce daga nan zuwa nan.
Faɗin yatsan nan, in ji Jatau,
kwana uku ne da akwati a ka,
ƙaya a ƙafa, salka ta bushe tun jiya.
A faɗin yatsan nan jakinsa ya durƙusa bai tashi ba.
Akawal sunan jakin.
Har ya tsufa in ya zo nan a labari sai ya nemi goro.

Da aka gama, wasu suka zauna nesa da mu
suka fere fensir.
Layi ya bi ta tsakanin gonarsa da ta ƙanensa,
ɗaya ya wayi gari yana biyan haraji da faranka,
ɗayan da sule.
Tsamiyar da ke kan iyakar ba a tambaye ta ba,
ta ci gaba da zuba 'ya'ya ɓangare biyu.

Ban ce taswira maƙaryaciya ba ce.
Ita ta nuna mini yadda wutar da aka hura a gidan wani
ta bi igiya har ta lashi danninmu.
Amma ba ta jin ƙishirwa,
kuma kibiyoyinta ba su da tafin ƙafa.

Ƙararrawa ta kaɗa, suka watse.
Ina share allo na ga Dudu ta tsaya,
ta yago 'yar takarda daga littafin lissafi,
ta tofa mata yawu, ta cusa ta bayan hujin.
Na matsa na duba.
Jaki ne, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ba zai fito a jarrabawa ba.
Mako na uku ke nan yana nan,
sifeto ya zo ya tafi bai lura ba.